Tsohuwar ƙaramar jif mai jan taya huɗu: me ake dubawa kafin a biya, kuma yaya ake tuƙa ta?

Sabon_Matuƙi
Assalamu alaikum. Masana harkar mota na wannan zaure, shawara nake nema. Ƙaramar jif nake son saye, tsohuwar yayi mai jan taya huɗu. Yawancin aikinta a kwalta zai kasance, amma lokaci-lokaci za ta riƙa shiga laka da yashi. Guda uku aka nuna mini, duk masu giyar hannu: Suzuki Jimny ta 2003, Vitara ƙirar farko ta 1995, da Toyota RAV4 ta 1998 mai ƙofa uku. Wacce ta fi dacewa, kuma me zan duba kafin in ba da kuɗi? Sannan wani ya ce mini in na saya in bar ta a 4H, wato giyar jan taya huɗu, kullum, wai ta fi kama hanya. Haka ne?

Baba_Sifana
Wa alaikumus salam. Da tambayar ƙarshe zan fara, don ita ce mai kashe mota. Kada ka kuskura ka bar Jimny ko waccan Vitara a 4H a kan busasshiyar kwalta.

Ga dalili. In mota tana shan kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa, saboda da'irar da suke bi ta fi faɗi. Dole ke nan farfelar gaba, wato sandar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin gaba, ta ɗan fi ta baya saurin juyawa. To a Jimny da tsohuwar Vitara, da ka sa 4H ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi, wato tiransifa, ya ɗaure farfelolin biyu su juya daidai wa daida, babu difaranshal a tsakiya da zai ba su damar saɓawa. A laka ko yashi taya za ta ɗan zame ta sauke nauyin. A busasshiyar kwalta ba wurin zamewa, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa kamar wankin da ake matsewa. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, motar tana ɗan tsalle a kwana, tayoyi suna ƙara, liba ta ƙi fita daga 4H. In aka ci gaba a haka, sarƙar tiransifa ta miƙe, ko joyin ɗin aksul ya fashe, ko haƙoran difaranshal su kakkarye.

A kwalta 2H, wato jan tayoyin baya biyu kaɗai. In ka sauka ƙasa mai zamewa, sannan 4H.

Ɗan_Totur
Amma Baba ai RAV4 kullum a taya huɗu take tafiya kuma ba ta lalacewa. Me ya bambanta su?

Baba_Sifana
@Ɗan_Totur ita tana da difaranshal na uku a tsakiya, shi ne yake barin gaba da baya su saɓa. Shi ya sa take jan huɗu dare da rana ba matsala. Mai giyar hannun tana da maɓalli a dashbod na kulle wannan difaranshal ɗin. In ka danna shi ta koma irin Jimny a 4H, don haka shi ma ba a barinsa a kulle a kwalta.

MaiGeji
Malam Sabon_Matuƙi, motocin nan uku ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake a ido sun yi kama.

Jimny ƙirar 1998 zuwa 2018 bodi ne aka ɗora a kan shasi mai zaman kansa, aksul ɗinta gaba da baya sandararre ne, tana da 4L, wato giyar jan huɗu mai ƙarfi da tafiya a hankali, injinta 1.3, nauyinta bai fi tan ɗaya da kaɗan ba. Vitara ta 1988 zuwa 1998 ita ma tana da shasi da 4L, injin 1.6, amma kowace tayar gaba da nata hannun, shi ya sa ta fi Jimny laushi a kwalta. RAV4 ta farko, 1994 zuwa 2000, ba ta da shasi daban, bodin ne shasin, injinta 2.0 ne mai suna 3S-FE, kuma ba ta da 4L sam.

Tun da ka ce kwalta ce mafi yawa, RAV4 ta fi su daɗin tafiya nesa ba kusa ba. Jimny a gudun kilomita 100 injin yana juyi wajen 3,500 ko sama, ga ƙara, ga iskar babbar mota tana ture ta. Amma ranar da aka shiga laka mai zurfi ko hawa mai duwatsu, rashin 4L zai sa ka riƙa riƙe rabin kuloci a RAV4 har ya ƙone.

Hajiyar_Garej
Ni a ganina tambayar wacce ta fi ta zo da wuri. Mota mai shekara ashirin ko talatin, lafiyarta ake saye. A fara shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma kafin ma a tada injin. Inji ana sauke shi a ɗora wani, giyabos ma haka. Shasin da tsatsa ta cinye shi ne ba shi da magani mai sauƙi.

A ƙwanƙwasa shasin daga gaba har baya. Ƙarfe mai lafiya ƙararsa tsaf take fita, wanda ya ruɓe ta ciki kuwa sai ka ji ta a dushe, wani lokacin ɓawo ya zubo. A fi mai da hankali inda hannuwan aksul suka kama shasi, da mazaunin safirin, da wurin da shokazoba ta ɗaure, da saman sandar da ke kusa da tankin mai, don nan laka take kwanciya ta riƙe danshi. A Jimny akwai wurare biyu da aka sani: ƙasan fitilun gaba inda bodi ya zauna a kan shasi, da ƙasan but inda ake ajiye jak. A ɗaga kafet ɗin a gani da ido. In an ga an fesa sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin mota alhali sauran jikinta tsoho ne, a tambayi abin da aka rufe.

Sai a ɗauki maganaɗisu a naɗe shi a ƙyalle a bi gefen ƙofofi da bakin tayoyi. Inda ya ƙi kamawa, foti aka cika.

Injiniya_Kimfin
Hajiya ta faɗi gaskiya. In ƙara da karkacewar shasi. A tsaya nesa kaɗan a bayan motar a wuri mai lebur a duba ko ta kwanta gefe guda. A auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. In bambancin ya wuce santimita ɗaya, akwai dalili: ko haɗari, ko hannun aksul ya lanƙwashe, ko bushin ya mutu. Walda a jikin shasi wadda ba ta kamfani ba, musamman kusa da akwatin sitiyari, ni ba na ba da shawarar a saya.

Ɗan_Totur
Jimny ta 2003 tayimin bel gare ta, a canza shi ranar da aka saya.

MaiGeji
@Ɗan_Totur ba lallai ba. Injuna biyu aka sa wa wannan ƙirar a 1.3. Na farkon G13BB ne, shi ne mai bel. Daga baya aka koma M13A, shi kuma sarƙa gare shi, ba a canza ta a kan lokaci sai in ta fara ƙara. Ta 2003 galibi M13A ce, amma tsohuwar mota ana iya sauya mata inji, don haka a buɗe bonet a duba. Murfin gaban inji in na roba ne, bel ne a ciki. In na alminiyam ne da aka like, sarƙa ce.

Vitara da RAV4 ɗin duk bel ne. In babu takardar da ta nuna yaushe aka canza, a ɗauka ba a canza ba. Wajen kowane kilomita 100,000 ake yi, kuma a haɗa da tenshina da famfon ruwa da oyilsil na gaba, tun da aikin kwancewar ɗaya ne.

Baba_Sifana
Tun da an zo kan Vitara, akwai wata cuta da injinta na 1.6, wato G16, yake da ita wadda masu saye ba sa dubawa. Babban notin da ya riƙe fulin kiranshaf, in aka kwance shi wajen canza bel ba a ɗaure da ƙarfin da ya kamata ba, kusan 130 Nm, sai giyar tayimin ta riƙa motsi a kan shaf ɗin tana cin ramin makullinta. Sannu a hankali tayimin ya goce. Motar ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai, a canza fulogi, a wanke wannan a wanke wancan, ba sauyi. Alamarsa: a tada injin a tsaya gefe a kalli fulin ƙasa. In yana rawa yana layi, a yi hattara, don gyaran na iya kaiwa ga canza kiranshaf.

Na biyu, injin nan alminiyam ne, ba ya yafe zafi. In ya taɓa tafasa sosai, kan silinda na iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Sabon_Matuƙi
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Baba, ta yaya zan gane ya taɓa tafasa in mai motar bai faɗa ba?

Baba_Sifana
Ka ce kada a tada ta kafin ka zo. In ka isa ka taɓa injin da hannu, in da ɗumi ka dawo wani lokaci. Yana sanyi ka buɗe murfin lagireto, ruwan ya kasance cike kuma mai launi, ba jan tsatsa ba, ba maiƙo a samansa. Ka bar murfin a buɗe a tada injin. Kumfa tana ɓullowa ba ƙaƙƙautawa, gaskit ne ko tsaga. Ka rufe, bayan minti ɗaya ko biyu ka matsa babban tiyon sama. In ya yi tauri tun ruwan bai yi zafi ba, hayaƙin silinda ne yake shiga ruwa. Ka duba ƙasan murfin baƙin mai ko akwai farin kitse.

Ka kuma tambaya ko tamostat yana ciki. Wasu suna cire shi don allurar zafi ta daina hawa, su haɗa fanka kai tsaye. Wannan ɓoye ciwo ne. In da hali, a sa geji a auna matsin kowace silinda. Bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari.

Hayaƙi kuma: shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi ruwa ne, baƙi fetur ne ya yi yawa.

Injiniya_Kimfin
Yanzu gaban Jimny, don nan ne ciwonta. Kowane gefe na aksul ɗin gaba yana da ƙananan boris biyu na kimfin, sama da ƙasa, a kansu taya take juyawa hagu da dama. Ruwa da laka suna shiga su yi tsatsa. In sun mutu, wajen gudun kilomita 70 zuwa 80 sitiyari zai kama rawa, wani lokacin mai tsanani har sai ka rage gudu sosai kafin ta lafa. Saboda haka gwajin tuƙi a cikin unguwa bai isa ba, dole a kai ta wannan gudun, a kuma bi ta kan ɗan gargada a gani ko rawar za ta tashi.

Yadda ake dubawa a tsaye: a ɗaga tayar gaba da jak, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. In akwai motsi, wani ya taka birki a sake girgizawa. Motsin ya ɓace, boris ɗin taya ne. Bai ɓace ba, kimfin ne. Sannan a leƙa ƙwallon ƙarfen da ke ƙarshen aksul ta bayan taya. Ɗan maiƙo ba komai. In man giya ne yake tsiyaya gauraye da giris, oyilsil na cikin aksul ya tafi, kuma galibi kimfin ne ya jawo.

Ba kimfin kaɗai ke kawo rawar ba. Bushin sandar da ta riƙe aksul a gicciye, tayirod, tayar da ba a yi wa balansin ba, rim da ya lanƙwashe, duk suna iya haddasa ta. Wasu sai su ɗaura wa sitiyari shokazoba su ce an gyara. Rawar ta ragu a hannu, amma abin da ya lalace yana nan yana ci gaba da lalacewa.

Vitara ba ta da kimfin. A wurinta boljoyin ake dubawa, da robar joyin ɗin shaf ko ta yage, da kaskon difaranshal na gaba, don na alminiyam ne kuma yana tsagewa in an wahalar da shi.

Malama_Ribas
Ba wanda ya yi maganar gwada taya huɗun kanta. Fitila ta kama a dashbod ba ita ce shaida ba.

Da farko a leƙa ƙasa a tabbatar farfela biyu suna nan. Ana cire ɗaya don a ɓoye ƙarar tiransifa ko ta difaranshal. RAV4 kuma akwai wadda aka ƙera da jan gaba kaɗai, in babu farfela da difaranshal a baya, ba mai taya huɗu ba ce.

Jimny tana da hob, wato makullan da ke haɗa tayoyin gaba da shaf, masu aiki da zuƙar iska daga inji. Tiyo ɗaya ya tsage, ko sil ya saki, hob ɗin ba zai kama ba, farfelar gaba tana juyawa amma tayoyin ba sa ja. Gwaji: a tada injin, a sa 4H, a ja birkin hannu, a sa waigi, a ɗaga tayar gaba ɗaya. A juya ta da hannu. In hob ya kama, za ta ɗan motsa ta tsaya. In tana juyawa sakaka kamar a 2H, bai kama ba. A yi wa ɗaya gefen haka. Da yawa suna cire tsarin iskar su sa hob na hannu, kuma gyara ne mai kyau in an toshe tiyoyin yadda ya kamata.

Vitara wasu hob na hannu gare su, ana murɗa su zuwa LOCK duka biyun kafin a shiga laka, wasu kuma masu kama kansu ne, waɗanda sai an yi ribas 'yan mitoci suke saki.

Bayan haka a kai ta kan ƙasa ko tsakuwa. 4H, a tafi, a saki totur, a sake takawa, a ga ko liba za ta fita da kanta. A tsaya cik, a taka kuloci, a sa 4L. Giya ta ɗaya a 4L tafiyar ƙafa ce, in ba ka ji bambanci ba akwai matsala. Ƙarar ƙas-ƙas lokacin da aka ba ta wuta a 4H sarƙar tiransifa ce take tsallake haƙori.

MaiGeji
@Malama_Ribas madalla. A RAV4 mai giyar hannu a ƙara da giya ta biyar. An san ta da fitar da giya ta biyar in ta tsufa. A hau hanya a sa biyar, a taka totur a saki sau da yawa, hannu ba ya kan liba. In ta faɗo, aikin giyabos ne.

Ɗan_Totur
Ni dai da Jimny zan ɗauka in ɗaga ta inci uku in sa mata taya 31. Nan ne take kyau.

Injiniya_Kimfin
@Ɗan_Totur ɗan'uwa, ka yi lissafi tukuna. Tayar da Jimny ta zo da ita 205/70 R15 ce, tsayinta wajen milimita 668. Taya mai inci 31 milimita 787 ce. Ƙarin ya kusa kashi 18 cikin ɗari. Injin da ƙarfinsa bai wuce doki tamanin da 'yan kai ba, ka ƙara masa wannan, giya ta biyar ta zama ado, kuloci yana shan wahala, birki ya yi rauni, kimfin da boris suna mutuwa da wuri, shaf ɗin gaba yana karyewa. Sai ka canza giyoyin tiransifa ko na difaranshal kafin ta dawo hayyacinta, ga yankan bodi.

In ana son ƙari, 215/75 R15 ta isa, wajen milimita 703 ce, kashi 5 cikin ɗari. Ko a nan ma ka sani allurar gudu da ta kilomita za su riƙa nuna ƙasa da yadda suke nunawa a da.

Ɗagawa kuma tana juya aksul ɗin gaba, kusurwar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa ta ragu, motar ta riƙa yawo a hanya. Daga inci biyu zuwa sama sai an gyara wannan kusurwa, a ƙara tsawon tiyon birki, a daidaita aksul ya dawo tsakiya. Ga mai saye, motar da ba a taɓa ba ta fi wadda aka ɗaga ba a san wanda ya yi aikin ba.

Alhaji_Lagireto
Ni tsorona da ƙananan jif ɗin nan kifewa. Ba a kansu aka yi rigima a Amurka ba?

MaiGeji
Ranka ya daɗe, Suzuki Samurai ce, yayar Jimny. A 1988 mujallar Consumer Reports ta ce tana saurin kifewa a gwajin kauce wa abu, cinikinta ya faɗi warwas. Suzuki ta kai ƙara a 1996, aka sasanta a 2004. Ko me mutum zai ce game da wannan shari'a, abin da ba a musu a kai shi ne mota gajera, siririya, mai tsayi, ba a fizgar sitiyarinta a guje. Tazarar tayar gaba da ta baya a Jimny milimita 2,250 ce kacal. A rage gudu tun kafin kwana, ba a cikinta ba. Kaya masu nauyi a ƙasa, ba a rufi ba.

Hajiyar_Garej
Kuma a tuna a 2H baya ne yake tura Jimny da Vitara, bayan kuma ba nauyi. Kwalta ta jiƙe, ka taka totur a tsakiyar kwana a giya ta biyu, sai baya ya nemi wuce gaba. Da yawansu ba su da ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki. Jan taya huɗu yana taimakawa wajen tashi, ba ya rage nisan da birki zai ɗauka.

Iskar taya ma tana da hannu. Masu faci sukan dura wa kowace mota iska iri ɗaya, alhali Jimny mara nauyi ce, abin da kamfani ya rubuta mata ƙasa yake da na yawancin motoci. A bi takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Iska ta yi yawa, motar ta riƙa tsalle tana sakin hanya.

Baba_Sifana
Tun da an shiga tuƙi. Yashi: a rage iska zuwa wajen 15 psi, a tafi da giya ta biyu a 4H ko ta uku a 4L, ba a yanke wuta, ba a shan kwana mai kaifi don taya na iya fita daga rim. Da ka ji ta fara nutsewa ka ɗaga ƙafa. Ci gaba da ba ta wuta rami kawai yake haƙawa har shasi ya zauna. Ka yi ribas a kan sawunka, ka share yashin gaban tayoyi. In an fito kwalta a mayar da iska, don tayar da ba iska tana zafi ta fashe.

Gangara mai tsanani: 4L, giya ta ɗaya, ƙafa ba ta kan kuloci, injin ne zai riƙe ta. Hawa in ya gagara, ba a juyawa a tsakiyar tudu. A taka birki, a sa ribas, a sauko a miƙe yadda aka hau. Kuma babban yatsa a wajen da'irar sitiyari, don in taya ta bugi dutse sitiyarin yana fizgewa.

Abin da mutane ba su sani ba, difaranshal na gaba da na baya a buɗe suke. Tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama suka rasa ƙasa a lokaci guda, su biyun za su yi ta juyawa a banza motar tana tsaye. Ɗan jan birkin hannu kaɗan yakan tura ƙarfi zuwa tayar bayan da ke ƙasa.

Malama_Ribas
Ruwa kuma, a fara shiga da ƙafa ko sanda a san zurfinsa da abin da ke ƙasa. Ruwa mai gudu a haƙura. Motar da ba a yi wa shiri ba kada ruwan ya wuce tsakiyar taya da yawa. In ya kai bakin da injin yake shaƙar iska, fistin zai tarar da ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, konrod, wato sandar da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe nan take. Ta mutu a cikin ruwa, kada a yi mata kik. A ja ta waje, a cire fulogi duka, sannan a juya injin ya fesar.

Aksul mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta ƙaramar hudar numfashinsa. Bayan an ƙetare a buɗe notin difaranshal a duba, man ya yi fari-fari a canza. A kuma riƙa ɗan taka birki a hankali har ya bushe, musamman na baya mai ganga.

In ta kafe za a ja ta, kada a rataya igiya a ƙwallon jan tirela. Yana tsinkewa ya tashi da ƙarfin da zai kashe mutum. Kowa ya matsa nesa da igiyar.

Sabon_Matuƙi
Allah ya saka da alheri. To in na fahimta, in kwalta ce kashi mafi yawa, RAV4 ke nan?

MaiGeji
Ni haka na gani, in dai lakar da kake nufi ta hanya ce da motoci suke bi. Ka sa mata tayoyi huɗu iri ɗaya, girma ɗaya, cin su ɗaya, don mai jan huɗu kullum ba ta son taya ta bambanta, difaranshal na tsakiya ne yake ɗaukar wahalar. Ka duba shekarar taya a gefenta, lamba huɗu ce: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida a canza ko da zanenta bai cinye ba.

Injiniya_Kimfin
Ban yarda gaba ɗaya ba. Vitara ce a tsakiya: tana da shasi, tana da 4L, ta fi Jimny natsuwa a kwalta, in mai ƙofa biyar ce ga wurin kaya. Matsalarta shekaru. Ta 1995 ta ba RAV4 ɗin shekara uku, ta ba Jimny takwas, robobi da wayoyi duk sun tsufa. In shasinta da injinta sun tsallake gwajin da Baba da Hajiya suka faɗa, ita zan nuna.

Alhaji_Lagireto
Akwai Daihatsu Terios da Pajero iO ma, in bai riga ya yanke shawara ba.

MaiGeji
Terios ta farko irin tsarin RAV4 ce, jan huɗu kullum da maɓallin kulle tsakiya, ba 4L. Pajero iO tana da 4L, amma da yawansu injin GDI ne mai famfon fetur mai matsi sosai, yana tara baƙin gawayi a bawul, kuma ba kowane makaniki ne ya iya shi ba. Sai an tabbatar akwai mai gyara da kayan gyara kafin a kusance ta.

Hajiyar_Garej
Ko wacce ka ɗauka, makon farko na mai ne. Baƙin mai da filta, man giyabos, na tiransifa, na difaranshal gaba da baya, man birki, ruwan lagireto. A Suzuki ɗin, difaranshal GL-5 yake sha, irin 80W-90, giyabos kuma GL-4 75W-90, don wasu man GL-5 ba sa shiri da zoben tagulla na cikin giyabos, giya ta riƙa ƙin shiga. Kullum a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa. In ka tsiyaye mai sannan na sama ya ƙi kwancuwa, mota ta zauna. Ana cikawa har man ya fara dawowa ta bakin hudar, motar tana kan lebur. A duba maganaɗisun notin ƙasa: laushin garin ƙarfe ba komai, gutsattsarin da za ka ji a yatsa alamar haƙori ne ko boris. A buga wa joyin ɗin farfela giris in suna da nono.

Sannan ko ba ka shiga daji ba, wata-wata ka sami hanyar ƙasa ka sa 4H da 4L na ɗan nisa, don hob da liba kada su ƙame.

Baba_Sifana
@Sabon_Matuƙi ka ɗauko hoton ƙarƙashin kowacce: shasi ta wajen tayar baya, bayan tayar gaba, da ƙasan inji. Ka haɗa da lambar shasi da ta inji ka gwada su da takardu. A Jimny ka cire kafet ɗin but, a Vitara ka ɗauki bidiyon fulin ƙasa injin yana aiki.

Injiniya_Kimfin
A RAV4 kuma hoton ƙarfen da ya riƙe difaranshal na baya da inda ya kama bodi. Tun da ba ta da shasi daban, tsatsar wurin nan ita ce daidai da ruɓewar shasi a sauran biyun. Robar mazaunin difaranshal ɗin ma a sa ƙarfe a ɗan ɗaga ta, in ta yage za ka ji ƙwal daga baya duk lokacin da ka saki kuloci.

Sabon_Matuƙi
To, gobe in Allah ya kai mu zan je da tocila da guduma da jak. Malama_Ribas, wancan gwajin hob ɗin, injin yana kunne ake juya tayar ko sai an kashe?

Malama_Ribas
Yana kunne lokacin da kake sa 4H, don iskar da ke tura hob daga injin take zuwa. Ka jira fitilar ta tsaya da ƙyaftawa. Babbar giya a firi, birkin hannu a ja, waigi a tayoyin baya gaba da baya, kuma a sa abin tokare ƙarƙashin aksul, kada a dogara da jak kaɗai.